Dashe a Gonar Aro

Litinin, 31 ga Yuli 1995, bayan la'asar

Sauran kayan furoje, wato aikin tallafin nan na makarantu, sun iso yau. Farar mota ta sauke wayar shinge da butocin ban ruwa a ƙofar ofishin darakta, shugaban makarantarmu, sannan aka sauko da keke sabo fil. Na malamin nan ne da muke kira Mushe Alhassan a Faransance, wai don ya riƙa zagaya itatuwansa. Ya hau ya kewaya filin makaranta yana kaɗa ƙararrawa, yara na binsa a guje. Ina tsaye a ƙofar ajina da alli a hannu, na tafa masa kamar yadda kowa ya tafa.

Bari in rubuta yadda aka yi don kada in manta. Bara masu furoje suka aiko cewa kowace makaranta ta kawo shawarar wani ƙaramin aiki da zai sa yara su gane abin da ya sa damina ke gajarta, rairayi ke cinye gonaki, za a ba da ɗan tallafi. Ni na fara rubuta tawa: murhu mai cin itace kaɗan, 'yan mata su koyi gininsa, su koya wa iyayensu. Mushe Alhassan ya leƙo ya ga ina rubutu, ya tafi ya rubuta tasa a kan dashen itace, da Faransancin nan nasa mai santsi. Tasa aka ɗauka. Shi aka kai Yamai horo, ya dawo da jaka mai tambari. Na tsufa a makarantar nan ta bakin tabki, wasu iyayen yaran ma ni na koya musu riƙon alli, amma ɗan masu kanti a Maraɗi, wanda bai taɓa riƙe hauya ba, shi ne yau ya san ciwon ƙasa. Ina jin haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Talata, 1 ga Agusta, da azahar

Yajin aiki ya cinye mana rabin shekara, shi ya sa muke aji cikin damina, jarabawar 'yan ajina kuma sai ƙarshen Satumba. Duk da haka darakta ya tara mu a gindin bedi, dogon yaron nan na filin makaranta, don shirin ranar itace.

Mushe Alhassan ya ce ya sami wurin dashe. Gonar Tanko, uban Ladi ta ajina, wadda ke bakin hanyar Madarunfa. Iska ta binne musu shuka bana, ya ce in aka jera itatuwa a iyakar gabas za su tare iskar, kuma baƙi in sun zo za su gani daga cikin mota. Ya tambayi Ladi gonar wa ce, ta ce ta babanta.

Darakta Badamagare ne, sauran malamai duk baƙi. Ni kaɗai aka haifa a garin nan, ni kaɗai na san gonar aro ce. Alhaji Ashiru wan maigidana ne, ubansa ne ya ara wa uban Tanko ita tun ba a haife ni ba, kuma ita kaɗai gare su. A gonar aro ka shuka gero, ka shuka wake, ka shekara arba'in kana ci, ba mai ce maka uffan. Ranar da ka dasa itace kuwa, ka gaya wa duniya gonar taka ce. Jaririn garin nan ma ya san wannan.

Mushe ya juyo gare ni da murmushinsa. "Madam Zuwaira, ke ce 'yar gari. Akwai wata matsala in muka dasa can?"

Na ce, "Ni malamar aji ce, Mushe. Kai aka kai Yamai."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ban yi ƙarya ba, shi aka kai.

Laraba, da safe

Ɗelu, matar Tanko, ta zo ina ɗaura kallabi. Tare muka yi wasan ƙasa da ita. Mijinta ya tafi Jibiya neman taki, sai Lahadi zai dawo. Mun yi magana a zaure, ba ta daɗe ba, Ladi na tsaye bayanta. Na makara zuwa aji.

Alhamis, ranar itace, bayan la'asar

An yi biki. Yara sun jera da dashe a ka tun daga makaranta har gonar, Mushe a gaba yana tura keke, takalminsa ya sha taɓo. Gawo da bagaruwa suka dasa, layi guda tun daga hanya har gindin kukar da ke ƙarshen gonar. Malamin daji ya zo da kakinsa, ya kafa wa kowane dashe turke, ya shafa jan fenti, ya ɗaga murya ya ce daga yau itatuwan nan suna hannun hukuma, duk wanda ya taɓa ɗaya zai sha tara, zai kwana a ɗaure.

Ladi ta karanta abin da ta rubuta, wai "Itace abokin manomi". Da Faransanci ta karanta, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sannan ta maimaita da Hausa don tsofaffi. Ban taɓa koyar da yarinya mai kanta ba. In ta zauna jarabawar nan, kwaleji ta tafi, ba tantama. Ni na koya mata duk abin da ta sani, amma da ta gama Mushe ta kalla, shi ta yi wa murmushi.

Ɗelu na can nesa cikin gero, ba ta matso ba. Tsofaffin da suka zo kallo ma, ɗaya bayan ɗaya suka zame. Mushe ya ce mini kunya ce irin ta mutanen ƙauye.

Juma'a, da yamma

Na je gaida Hajiya, uwar maigidana, kamar kowace Juma'a. Ta ce ta ji kiɗa jiya. Na ce bikin dashen itace aka yi, ya yi kyau. Ta ce a ina. Na gaya mata a ina, na gaya mata a kan iyaka ne, har da turaka masu jan fenti. Ta ajiye tazbi ta aika a kira mata Alhaji daga tasha.

Tambayata aka yi, na amsa. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba.

Litinin, 7 ga Agusta, da hantsi

Tanko ya dawo jiya. Maigidana ya ce tun a Ɗan Issa aka ba shi labari, ya sauka daga mota ya bar buhun takinsa a bakin hanya, ya nufi gona a guje. Ya kama dashen farko zai tuge, maƙwabcinsa ya riƙe masa hannu ya nuna masa jan fentin. In ya bari, ya ci gonar Alhaji. In ya tuge, ya taɓa kayan hukuma. Ya tsaya yana kallon itatuwan kamar wanda ya ga maciji a ɗakinsa.

Daga nan zauren Alhaji ya tafi, ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa. Alhaji ya bar shi nan har aka kira magariba, sannan ya fito ya ce su haɗu gaban maigari. Maigidana ya ce Tanko kuka ya yi, namiji da furfura. Na ce ai da sai ya koya wa 'yarsa abin da ke nasu da abin da ba nasu ba.

Laraba

Ruwa tun asuba. Itatuwan sun kama, duk sun yi sabon ganye.

Asabar, 12 ga Agusta, da azahar

Mushe Alhassan ya fara ramewa, abin ya yi masa kyau. Ya daina kaɗa ƙararrawa. Ya je wurin malamin daji ya roƙi a cire itatuwan a maida su filin makaranta, aka ce masa an riga an sanar da na sama, ba mai cirewa. Ya je wurin Alhaji ya ce kuskurensa ne shi kaɗai, zai rubuta ya sa hannu cewa dashen ba ya nufin komai. Alhaji ya ce masa, "Takardarka tana ruɓewa, gawo ba ya ruɓewa. Ni ba ni da magana da kai, Mushe, gaida gida."

Na san Alhaji. Ya daɗe yana son gonar nan, tana bakin hanya, yana son wurin ajiye motocinsa da rani. Kunyar uban Tanko ce ta hana shi, ko bayan mutuwarsa. Yanzu an cire masa kunyar.

Mushe ya same ni ina share allo. "Madam, ashe Alhaji Ashiru wan mijinki ne."

Na ce haka ne, ba a ɓoye yake ba.

Ya tsaya yana jiran in ƙara wani abu. Na ci gaba da share allona har ya gaji ya fita.

Talata, 15 ga Agusta, bayan an tashi

Ladi tana gyangyaɗi a aji, idanunta sun kumbura. Na kira sunanta sau biyu ba ta ji ba. Na ce ta tashi ta zo gaba, ta karanta mana "Itace abokin manomi" tunda ta iya shi da ka. Ta ce ta manta. Na ce ba ta manta ba. Ta fara, da ta kai inda ta ce itace yana tsare wa manomi gonarsa sai wani daga baya ya tuntsire da dariya, aji duka ya ɗauka. Na bar su suka yi mai isarsu, sannan na ce ta sake daga farko, ba a jin ta.

Ta sake. Ba ta yi kuka ba, ni kawai take kallo har ta kai ƙarshe. Ba na son kallon yarinyar nan.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

An yi shari'a a zauren maigari. Ƙaramar matarsa ta haihu, na ga ya dace in je barka yau. Daga tsakar gida ana jin komai ta tagar zaure.

Tsofaffi sun shaida gonar aro ce. Tanko bai musa ba, rantsuwa kawai yake yi cewa ba ya gari. Mushe ya yi doguwar magana a kan hamada da raguwar ruwan sama, maigari ya bar shi ya gama, ya ce masa an gode. Sai aka kira Ɗelu, ta durƙusa a bakin ƙofa.

Maigari ya ce, "Mai gidanki ba shi nan. Wa ya ba da izini a dasa?"

Ta ce, "Ni ce, ranka shi daɗe."

"Ke ba ki san gonag ga aro ta ba? Ba ki shawarci kowa ba?"

Jaririn na hannuna. Ban san na matse shi ba sai da ya tsala ihu, uwar ta karɓe shi.

Ɗelu ta ce, "Ban shawarci kowa ba."

Hukunci: gona ta koma hannun Alhaji da itatuwanta. Tanko ya girbe geron da ya shuka bana, daga nan ya fita. An yi fatiha.

Asabar

Ban ci komai ba tun jiya. Zazzaɓin damina ne, kowa na yi.

Alhamis, 24 ga Agusta, da la'asar

Tanko ya haukace. Da rana tsaka, mutane na kallo, ya shiga gonar ya bi layin yana tuge itatuwan, da su da turakansu. Ya ɗaure su dami guda ya ɗauko a ka, ya ratso kasuwa, ya shigo filin makaranta muna cikin darasi, ya jibge su a ƙofar ajin Mushe Alhassan. Ya zauna kusa da damin yana jira, har malamin daji ya zo da mutum biyu suka tafi da shi Madarunfa.

Ladi ta miƙe za ta fita. Na ce ba a tashi ba tukuna, ta zauna. Ta zauna.

Wauta ce tsantsa. An bar masa geronsa, me ya rage masa in ba ya yi haƙuri ba? Mutum ya ɗauki kansa ya kai inda za a ɗaure shi, sannan a ce wani ne ya jawo masa.

Laraba, 30 ga Agusta, da yamma

An sako Tanko. Tarar da aka yanka masa, ko ya sayar da akuyoyinsa da ƙofar ɗakinsa ba za ta biyu ba. Mushe ya kai kekensa kasuwa don ya sayar ya biya masa, darakta ya aika aka dawo da shi, ya tuna masa keken na furoje ne. Alhaji ne ya biya, ya ce ba zai iya ganin ɗan abokin ubansa a ɗaure ba. A madadin haka geron da ke tsaye a gonar ya zama nasa. Gari duka na yaba masa, an ce ya yi halin manya.

Ke nan ba gona, ba gero. Geron kuwa ya yi kyau bana, na bi ta wurin na gani, kawunan sun yi nauyi har suna sunkuyawa.

Litinin, 4 ga Satumba, da hantsi

Iyaye sun hana yara zuwa wurin renon dashe, an ce duk wanda ya kawo ledar dashe gida zai sha duka. An zuba wa Mushe kashin shanu a ƙofar ɗaki. Darakta ya rubuta wa na sama, amsa ta zo da wuri: an maida shi wata makaranta can bayan Gabi.

Darakta ya kira ni ofis. Ya ce furoje ba zai mutu ba, masu shi na zuwa bayan damina, ana buƙatar 'yar gari wadda mutane ke jin maganarta. Alhaji ya yarda a sake dasa layin, tunda yanzu gonarsa ce, yana so ma. Ya miƙo mini makullin ɗakin kaya da na keke. Na ce zan yi tunani, na sa su a jaka.

Na zaci zan fi haka jin daɗi. Na ji dai, ba zan ce ban ji ba.

Laraba, da azahar

Mushe ya zo sallama, jakarsa mai tambari a kafaɗa. Ya gaisa da kowa, ya bar ni ƙarshe.

"Madam, tambaya ɗaya. Ran da na tambaye ki gindin bedi, kin sani?"

Na ce, "Mushe, kai ka zo koya mana ƙasarmu. Wanda ya zo koyarwa ai ba a koya masa."

"Ni kika so ki kayar, na gane. To na faɗi. Amma su fa? Me suka yi miki?"

Na ce ya yi sauri, motar Gabi ba ta jiran kowa. Da ƙafa ya tafi tasha, yaran da ke bin kekensa ba ko ɗaya da ya raka shi.

Asabar, 9 ga Satumba

Na gwada keken a tsakar gida. Sirdin ya yi mini tsawo, maigidana ya rage shi.

Alhamis, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Ɗelu ta zo, Ladi na bayanta kamar wancan karon. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, Ɗelu ta ƙi hawa, ta zauna a ƙasa. Ta rame har zobenta na yawo a yatsa.

Ta ce, "Madam, jibi muna tahiya. Wajen ƙanen Malam, mai gidana, can Jibiya. Ba abin da za mu ci nan."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ta ce, "Ran nan na zo zauren ga, na ce miki gonag ga aro ta, ke kin sani, ina jin tsoro, in hana mushe ko in bari. Kin ka ce mini aikin gwamnati na, ba mai tankawa, Alhaji ma murna zai yi. Gaban maigari an tambaye ni, ban hwaɗi sunanki ba. Ko Malam ban hwaɗa mishi ba."

Aikin gwamnati ne, kuma Alhaji ya yi murna. Ban yi ƙarya ba.

Ta ce, "Ban zo tone-tone ba, Zuwaira. Abu guda nika roƙo. Ki riƙe mini ɗiyag ga ta yi jarabawa. Kwana kaɗan ya rage. Tana daka, tana ɗebo ruwa, ba ta ci da yawa. Ko nan zaure ta kwana. In ta ci, gwamnati na ɗaukar ta, ta huta da mu."

Rabon da ta kira ni da sunana tun muna 'yan mata. Akwai ɗaki, tun da aka aurar da ƙanwar maigidana ba mai kwana a cikinsa. Na ɗaga kai zan yi magana sai na haɗa ido da Ladi. Tana nan ranar, ta ji komai, kuma tun ranar haka take kallona. Na ga kaina ina cin tuwo safe da yamma idanun nan na kaina, a gidana, gaban maigidana, gaban Hajiya in ta zo.

Na ce, "Ɗelu, kin san gidan nan ba nawa ba ne, na su Alhaji ne. Bayan abin da Malam ya yi, in aka ga ɗiyarsa a nan me za a ce? Ki yi haƙuri."

Ta matso ta kama gefen zanena. Ladi ce ta sunkuya ta ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Inna, tashi mu tahi."

Sun kai ƙofa na tuna. Na ce Ladi ta kawo littattafan makaranta gobe da safe, na gwamnati ne, ba a ƙetare iyaka da su.

Juma'a, da safe

Ta kawo, ta ɗaure su da igiyar kaba. Ba ta shigo aji ba, a bakin taga ta ajiye.

Asabar

Sun tafi a bayan motar gawayi. Ban fita ba, ina da wanki.

Talata, 26 ga Satumba, da yamma

An yi jarabawa a Madarunfa, ni na raka 'yan ajina. Mai tsaron jarabawa ya kira sunan Ladi sau uku, ya dube ni, na ce ta yi ƙaura. A cikin tambayoyin har da amfanin itace ga manomi. 'Yan ajina sun fito suna murna, sun ce wannan kam sun iya, sun ji an karanta shi har sau biyu.

Alhamis, bayan azahar

An girbe gonar. Alhaji ya aiko mana da damman gero a amalanke, Hajiya ta ce a gaya mini rabona ne na musamman, ta san wadda ta buɗe musu ido. Maigidana ya tambaye ni me take nufi, na ce tsufa ne.

Tanko ne ya shuka shi, da iska ta binne ya sake shukawa, shi da Ɗelu da yarinyar suka yi noman fari da maimai. Na so in ce a kai rumbu a rufe, amma yarana sun gani, suna son sabuwar fura. Na sa aka sussuka, aka daka, na dama da kaina da nono mai kyau. Yara sun sha har suna lasar ludayi. Na zauna da ƙwaryata ina jira ta tsaya mini a wuya. Ba ta tsaya ba. Na shanye, na ƙara.